Daga Turke Zuwa Ɗaki: Cututtukan da Dabbobin Gida Ke Iya Shafa wa 'Ya'yanki

Ki tuna yadda safiya take farawa a gidanki, ko a gidan da kika taso in yanzu birni kike zaune. Kafin rana ta ɗaga an buɗe akurki, an watsa wa kaji tsaba, an zuba wa awaki dusa, an share turke, sannan a dawo a dama wa yara koko. Sau da yawa hannu ɗaya ne yake yin duk wannan, kuma hannunki ne.

Babu mai hankalin da zai ce ki daina kiwo. Akuya ita ce asusun mace a karkara. Ita ake sayarwa ranar da yaro ya kwanta asibiti, ita ke yin kayan ɗakin 'ya mace, ƙwan kaza kuma shi ke sayen sabulu da magi. Sai dai masana lafiya sun ƙiyasta cewa cikin kowace cuta 10 masu yaɗuwa da aka sani a jikin ɗan Adam, kusan 6 ana iya ɗaukarsu daga dabbobi, sababbin cututtuka kuwa 3 cikin 4 daga can suke fitowa. Waɗanda abin ya fi shafa su ne iyalan da suke kwana kusa da dabbobinsu, asibiti ya yi musu nisa, likitan dabbobi ya fi nisa. Lokutan da cutar take tsallakowa ba su da yawa, kuma yawancinsu a gabanki suke faruwa.

Ranar da akuya ta yi ɓari

Makiyaya sun daɗe da sanin bakale. Saniya takan yi ɓari bayan ciki ya tsufa, wani lokaci gwiwarta ta kumbura. Awaki da tumaki ma suna kamuwa. Ƙwayar cutar tana taruwa a ruwan haihuwa, da mabiyiya, da jikin ɗan da ya faɗo, da kuma madara. Wa ke ɗauke ɗan ɓarin da hannu ya kai juji? Wa ke taimakon tunkiya in haihuwa ta zo da gardama? Ke ce, ko 'yarki.

A jikin mutum, bakale zazzaɓi ne mai tafiya ya dawo, da gumin dare, da ciwon gaɓoɓi da baya, da kasala ta makonni ko watanni. Shi ya sa ake yawan ɗaukarsa maleriya ko taifod, a yi ta sayen magani a kemis ba sauƙi. Yana warkewa, amma sai an haɗa magunguna iri biyu an sha kamar mako shida, bisa umarnin likita.

In dabba za ta haihu ko ta yi ɓari, ki zura hannunki cikin leda mai kauri in babu safar hannu. Ki binne ɗan ɓarin da mabiyiyar a rami mai zurfi, kada karnuka su tono, sannan ki wanke hannu da sabulu. In kina da juna biyu, ki bar wa wani wannan aikin gaba ɗaya.

Madara kuwa ki tafasa ta kafin kowa ya sha, ko ta saniyarki ce. Tafasawa tana kashe ƙwayar bakale, tana kashe ta tarin fukan shanu wanda shi ma yake bin ɗanyar madara. Tsami kaɗai ba abin dogaro ba ne. Da yawa daga masu kindirmo suna dafa madararsu kafin su bar ta ta kwana, don haka ki tambayi mai kawo miki nono cikin mutunci, ki riƙe wadda take dafawa. Jaririn da bai kai wata shida ba, nonon uwa kaɗai ya ishe shi.

"A kawo wuƙa kafin ta mutu"

Wannan maganar kowa ya san ta. Dabba ta kwanta, ana ganin ba za ta tashi ba, sai a yi maza a yanka don kada ta zama mushe, a ci ko a sayar da naman da araha. Ba mugunta ba ce, tsoron asara ne. Amma yanka yana halatta nama ne, ba ya kashe cutar da ke cikinsa.

A watan Yulin 2023 hukumomi sun tabbatar da ɓullar cutar antiraks, wadda makiyaya ke kira ciwon saifa, a wata gona da ke yankin Suleja a Jihar Neja, makonni kaɗan bayan ta ɓulla a arewacin Gana. A lokacin har gwamnatin tarayya ta ja kunnen jama'a kan cin ganda. Alamarta a dabba ita ce mutuwar farat ɗaya, cikin ya kumbura da sauri, jini baƙi wanda ba ya daskarewa ya riƙa fita ta hanci ko baki ko dubura. Irin wannan dabbar ba a feɗe ta, ba a cire fatarta, ba a jan ta a ƙasa. Da zarar an buɗe cikin, ƙwayar takan yi wa kanta ɓawo mai tauri ta zauna cikin ƙasa shekaru da dama tana jiran wata dabbar. A kira ma'aikacin dabbobi, a ƙone ta ko a binne da zurfi. Wanda ya taɓa ta, in ya ga wani ƙurji marar zafi mai baƙin tsakiya a hannu ko fuska ko wuya, ya tafi asibiti a ranar. In an kama shi da wuri, magani yana ci.

Haka batun kaji yake. A watan Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a nahiyar Afirka, a wata gonar kaji da ke Jaji a Jihar Kaduna. Cikin watan ta bayyana a Magarya a Jamhuriyar Nijar, a farkon 2007 kuma ta kashe wata matashiya a Legas. Gaskiya ne yawancin mutuwar kaji lokacin hunturu wata annoba ce daban wadda ba ta cika cutar da mutum ba, amma ido ba ya bambance su. In kaji suna zubewa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, kada ki sa yara figa, kada a dafa, kada a kai ragowar kasuwa.

Ɓeran da ke rumbu

Ba dabbar da kike kiwo kaɗai ba ce. Inda hatsi yake, nan ɓera yake. Zazzaɓin Lassa ya samo sunansa daga garin Lassa na Jihar Borno, inda aka fara gano shi a 1969. Wani ɓera mai nonuwa da yawa ne yake ɗauke da ƙwayar ba tare da ta kwantar da shi ba, yana zubar da ita a fitsari da kashi kan abinci da kwanuka. Cutar ta fi tashi da rani, daga Disamba zuwa Afrilu, kuma jihohin Ondo, Edo, Bauchi da Taraba suna cikin waɗanda suka fi fama da ita.

Kusan mutum 8 cikin 10 da suka kamu ba sa jin jiki sosai. Amma ga mai tsohon ciki abin ya munana: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a watanni ukun ƙarshe, a fiye da kashi 80 cikin 100 ana rasa ɗan, ko uwar, ko duka biyun. Wasu da suka warke kuma sukan sami matsalar ji.

Ki zuba gari da hatsi a mazubi mai murfi. Kada a shanya abinci a ƙasa ko bakin titi a bar shi ya kwana. A rufe ragowar tuwo, a wanke kwano kafin a zuba abinci ko da jiya an wanke, a toshe ramuka, a nisanta juji daga ɗaki. Ki hana yara maza kamun ɓera da hannu. Zazzaɓin da aka sha maganin maleriya kwana biyu zuwa uku bai sauka ba, musamman da ciwon maƙogwaro ko amai, na asibiti ne. A Najeriya ana kiran Hukumar NCDC kyauta a lamba 6232.

Cizon da yaro ya ɓoye

Haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a duniya duk shekara, kuma 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana, da wuya a tsira. Amma kafin nan akwai dama. In kare ko kyanwa ta ciji yaro ko ta yakushe shi, ki wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15, kada ki ɗaure, kada ki shafa toka ko wani haɗi, ki kai shi a yi masa allurar rigakafi a ranar, komai ƙanƙantar ciwon. Yara da yawa suna ɓoye cizo don tsoron duka. Ki gaya musu tun yau cewa wanda ya faɗa ba za a taɓa shi ba.

Tsakar gida

Mai rarrafe duk abin da ya tsinta baki yake kaiwa, har da kashin kaji, wanda yake ɗauke da ƙwayoyin gudawa. Gudawa mai yawan dawowa kuwa tana hana yaro girma. Ki share tsakar gida kafin ki sauke shi, ki shimfiɗa masa tabarma, kaji da 'yan awaki kuma su kwana a nasu wurin, ba a ƙarƙashin gado ba. Ko da kara da laka ana yin akurki.

Mu ma muna ba dabbobi cuta. Mai tsila in ya yi bahaya a daji, saniya ta ci ciyawar wurin, ƙwan ya zauna a namanta, wani ya ci naman bai gasu sosai ba, tsilar ta dawo cikin mutum. Masai da dafa nama ya nuna har ciki su ke yanke wannan zagayen.

Abin da za ki faɗa a asibiti

Likita ba ya ganin turkenki. In kin kai mai zazzaɓi, ki faɗa masa da bakinki: akuyarmu ta yi ɓari wancan watan, muna shan madara ba tafasawa, kajinmu sun mutu, an yanka saniya marar lafiya a unguwa, ɓeraye sun yi mana yawa. Wannan 'yar maganar tana iya sauya gwajin da za a yi, ta rage miki watannin yawon magani.

Ki kuma yi magana da maigida kan rigakafin dabbobi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana yin alluran ciwon saifa da na annobar kaji, kuma ana samunsu ta hannun ofisoshin kula da dabbobi. In kuɗin kiran ma'aikaci ya yi wa gida ɗaya nauyi, matan unguwa masu adashi za su iya haɗa kai a kira shi rana ɗaya ya yi wa na kowa.

Mafi wuya dai ita ce ranar da akuyar da kika yi shekara biyu kina wa dusa ta kwanta, aka miƙo wuƙa, ke kuma kika ce a dakata a binne. Asara ce ta gaske, kuma babu mai biyanki. Amma akuya in Allah ya hore ana sake sayen wata. Ki dubi yaran da za su zauna gaban wannan kwanon kafin ki yanke shawara.

Allah ya albarkaci kiwonmu, ya tsare mana zuri'a. A garinku, yaya ake yi da dabbar da ta mutu farat ɗaya?