Turunku: Garin da Ƙishirwa Ta Tasa

Ni Babarbare ne, kuma Hausata ta fara ne a Kasuwar Kifi ta Baga Road a Maiduguri, inda ake sauke kwalayen banda daga tafkin Chadi. A can na fara jin kalmar "kufai" a bakin wani dattijo Bazazzagi mai fataucin kifi. Na ce, "Baba, mene ne kufai?" Ya ce, "Ɗana, garin da mutanensa suka tashi suka bar shi." Ban ga abin da idona ba sai da muka kai ziyara Turunku daga jami'a.

Turunku tana kudu da Zariya, a ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna. Tarihin baka ya nuna nan ce mazaunin Bakwa Turunku, wadda ta haifi Sarauniya Amina da ƙanwarta Zariya. Amma fa wasu masana na ganin Bakwa namiji ne. Tsohon garin na jingine da duwatsu, domin a wancan zamani dutse shi ne garkuwa: mai gadi a bisansa yana hango ƙurar dawakin mahara tun daga nesa.

To, me ya tashe su? Ruwa. An ce garin ya yi wa jama'a kaɗan, ruwan sha kuma ba ya isa, sai aka mayar da fada arewa, wajen dutsen Kufena, a wajajen 1536. Mu a Barno yaƙi ne ya mayar da Birnin Gazargamu kufai a 1808. Turunku kuwa ba a ci ta da takobi ba.

Mai karatu, idan ka je kada ka sa ran ganin soraye. Ganuwa ta zaizaye ta koma tudu mai tsawo, wanda in ba a nuna maka ba sai ka taka shi ka wuce. A ƙasa akwai tsingaro, a kan fā kuma ga ramukan da niƙa ya loɓa. Su suka fi tsaya mini a rai, don hannun mata ne ya yi su, ba umarnin sarki ba.

Da na koma gida hutu na ba Baba labari. Ya daɗe yana duban kwalayen banda, sannan ya tambaye ni ko malamanmu sun faɗa mana inda ruwan tafkin Chadi ya ja ya tsaya.