Daga Jakar Masu Sauraro: Limamin Soja Da Ɗan Mishan, Yaya Ake Tarbarsu, Yaya Ake Sallamarsu?

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga Dodoru ta ƙasar Gwandu, daga wani ɗan kasuwa mai kai albasa Birnin Kebbi. Ya ce ya tarar ana taro a barikin soja, da ya tambaya aka ce bikin sallamar wani fada ne na soja da aka canza wa wurin aiki. Shi ne yake tambaya: ashe soja ma suna da limamai? Kuma su ne 'yan mishan ɗin da tsofaffi ke ba da labari?

To Malam, mun gode. Ba ɗaya ba ne. Limamin soja umurni ke kawo shi, umurni ke ɗauke shi. Ɗan mishan kuwa baƙo ne, da izinin masu ƙasa yake zama. Wannan shi ya bambanta tarbarsu da sallamarsu.

Bari mu fara da soja. Rundunar sojan Nijeriya tana da sassa uku na addini: na harkokin Musulunci, na Katolika, da na sauran Kirista masu bin Furotesta. Manyansu hafsoshi ne masu kaki da muƙami, har akan kai birgediya janar. Su ke jan salla ko sujada, su ɗaura aure, su raɗa suna, su yi jana'iza, su kuma lallashi matar da mijinta ya tafi fagen daga bai dawo ba. Yarjejeniyar Jeniba ta 1949 ta ce ba mayaƙa ba ne, kada a kai musu hari. Ko an kama su, ba a lissafa su cikin fursunonin yaƙi.

Idan sabon liman ya iso, wurin kwamanda zai fara kai kansa. Wanda zai tafi ya damƙa masa aiki a rubuce, da kayan masallaci ko na coci, sa'an nan a gabatar da shi ga jama'a ranar Juma'a ko Lahadi. Mai tafiya kuma akan yi masa addu'a, a haɗa masa kyauta, a yafi juna. Babu zancen a roƙa a bar shi, domin ko ana sonsa ko ba a so, takarda ta riga ta fito. In kuwa janar ne ya yi ritaya, akan yi masa fareti, a sa shi a buɗaɗɗiyar mota, hafsoshi su ja ta da igiya har ƙofar bariki.

Na 'yan mishan kuwa, tarbar farko ba ta yi daɗi ba. A 1900 Bishop Tugwell da Likita Walter Miller na ƙungiyar CMS suka shiga Kano ba da gayyata ba. Sarki Alu ya ba su 'yan kwanaki su fita, suka fita. Daga baya Miller ya zauna Zariya daga 1905, wajen 1929 aka mai da mishan ɗin Wusasa, bayan gari. Yana cikin waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda aka buga a 1932. A ƙasar nan ya rasu, a 1952.

Da Lugga ya ci Sakkwato a 1903, ya yi alkawari gwamnati ba za ta taɓa addini ba. Saboda haka aka daɗe ana tsare 'yan mishan daga ƙasashen sarakuna. Kuturta ce ta buɗe musu ƙofa. Bayan 1930 aka yarda ƙungiyar SIM ta kula da kutare, ta riƙe asibiti a Amanawa kusa da Sakkwato. Nan kusa da ku ma, Malam, sun zauna a Kalgo suna ba da magani a zamanin Sarkin Gwandu Yahaya, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1954. Ka ga an karɓe su ne saboda magani, ba don an bar addini ba.

Sallamarsu ma iri biyu ce. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, gwamnati ta kori fadocin Katolika da yawa, galibi 'yan Ailan, waɗanda suka yi aiki a ɓangaren Biyafara. Ita kuwa SIM cikin lumana ta yi: a 1976 ta damƙa ayyukanta ga cocin ECWA, wadda 'yan ƙasa ke riƙe da ita tun kafa ta a 1954.

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Abin lura shi ne, duk wanda ya shigo ta ƙofa, ya gai da masu gari, ya tsaya inda aka ajiye shi, da rakiya yake fita. Wanda ya yi tsalle ya faɗo, shi ake nuna wa hanya. Haka yake ga malamin makaranta, da malamin gona, da ɗan kasuwar da ya sauka garin da ba nasa ba.

Malam, da fatan ka gamsu. A gai da mutanen Dodoru, manoma da 'yan kasuwa. Saura kuma ku ci gaba da aiko da takardunku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.