Me ya sa tambayoyin jarrabawar Turanci ba sa barin zukatanmu?

Tambayi wanda ya kammala sakandare shekara goma sha biyar da suka wuce abin da ya fito masa a jarrabawar Labarin Ƙasa ko ta Aikin Gona, da wuya ya tuna ko tambaya ɗaya. Amma ka ambaci takardar Turanci ta WAEC, nan take zai gyara zama. Zai gaya maka wasiƙar da aka ce ya rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma kan matsalar ruwan sha, da kalmar da aka ja wa layi wadda har yau yake tababar amsar da ya zaɓa mata. Wasu ma har da kujerar da suka zauna a kai.

Dalili na farko shi ne nauyin da aka ɗora wa wannan takarda. Sakamakon WAEC yana farawa daga A1 ya gangaro zuwa F9, kuma C6 shi ne matakin ƙarshe na kiredit. Ɗalibi zai iya cin darussa takwas da kyakkyawan sakamako, amma idan Turanci ya zo masa da D7, ƙofar jami'a ta rufu sai ya sake zama. Wannan sharaɗi ya shafi har wanda yake son ya karanci Hausa ko Larabci. A jarrabawar JAMB ma Turanci ne darasi ɗaya tilo da kowa sai ya rubuta, kuma tambaya 60 cikin 180 nasa ne. Ko a watan Oktoban 2025, da ma'aikatar ilimi ta tarayya ta sassauta sharaɗin Lissafi ga masu neman fannonin adabi da fasaha, ba ta taɓa Turanci ba.

Masana ƙwaƙwalwa sun daɗe da nuna cewa abin da ya sami mutum cikin fargaba ko tsananin zumuɗi ya fi zama a ransa. A 1927 wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Bluma Zeigarnik, ta ruwaito cewa mutane sun fi tuna aikin da aka katse musu a kan wanda suka kammala. Masu bincike na baya sun yi ta jayayya a kan ƙarfin wannan hujja, amma duk wanda aka fizge wa takarda yana tsakiyar jimla zai fahimci abin da take nufi. Ga kuma wani abu: ba a taɓa dawo wa ɗalibi da takardarsa ya ga inda ya kuskure. Harafi da lamba kawai yake gani, sai ya rage shi da zato.

Tsarin takardar ma yana taimakawa. Kashi uku ne: tambayoyin canki-canka 80 a kan kalmomi da nahawu, sai insha'i na kimanin kalma 450 tare da auna fahimta da taƙaita rubutu, sannan tambaya 60 a kan furuci. A insha'in, maki 10 cikin 50 an ware su ne ga ƙa'idojin rubutu, kuma kowane kuskure yana cin rabin maki. Kuskure ashirin na waƙafi ko na jeranta haruffa ya isa ya share wannan kaso gaba ɗaya, komai daɗin hujjar da yaro ya kawo.

Kashin furucin shi ne ya fi ban mamaki. A Ghana, Gambiya da Saliyo ɗalibai sauraren murya suke yi su amsa. A Najeriya kuwa a takarda ake gwada furuci, cikin ɗaki tsit. Ana ba ka kalma a ce ka nemo wadda wasalinta ya yi daidai da nata, ko ka nuna gaɓar da ake ƙarfafawa, ko ka gane cewa ba a furta harafin b a "debt". Yaron da ya tashi da Hausa, wanda bakinsa bai saba raba sautin farko na "pan" da na "fan" ba, kuma malaminsa ma haka yake furtawa, ana tambayarsa ne a kan sautin da bai taɓa ji ba. A ganina wannan kashi ya fi auna irin makarantar da iyaye suka iya biya a kan ƙoƙarin ɗalibi. Ba mamaki tambayoyinsa su ne aka fi maimaitawa a hira, rabi dariya rabi takaici.

Idan ana maganar tunawa, babu kamar 'yan ajin 2025. Ranar Laraba 28 ga Mayu, takardar Turanci ta makara ƙwarai a cibiyoyi da dama, har dare ya riski ɗalibai suna rubutu da hasken tocila da na wayoyin hannu. Hukumar WAEC ta ba da haƙuri, ta ce jinkirin ya biyo bayan ƙoƙarinta na daƙile fitar tambayoyi kafin lokaci. Da sakamako ya fito a farkon Agusta, aka ce kashi 38.32 cikin ɗari ne kacal suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Bayan 'yan kwanaki hukumar ta amsa cewa an duba wani ɓangaren canki-canka na Turanci da amsoshin da ba nasa ba, saboda sabon tsarin sauya jerin tambayoyi tsakanin ɗalibai. Da aka gyara, adadin ya tashi zuwa kashi 62.96. Cikin ɗalibai kusan miliyan biyu, wannan tazara na nufin dubban ɗaruruwan yara sun kwana suna ganin sun faɗi alhali sun ci. Wa ya san maganganun da aka gaya musu a gida cikin waɗannan kwanaki?

A nan ne batun ya shiga siyasa. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da manufar koyar da yara da harshen uwa a shekaru shida na firamare. A watan Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke ta, ya ce da Turanci za a riƙa koyarwa tun daga tushe, kuma hujjar da ya kafa ita ce yawan faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB a yankunan da suka rungumi harshen uwa. Masu suka sun ce manufar ba ta ma kai ga aiwatuwa sosai ba, balle a ɗora mata laifi, domin ba a tanadi littattafai da malamai ba. Sun kuma tunatar da gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife a shekarun 1970, inda yaran da aka koyar da Yarabanci, ana koya musu Turanci a matsayin darasi, ba su gaza takwarorinsu ba.

Tambayar da ya kamata a yi wa masu neman ƙuri'a a jihohinmu mai sauƙi ce: malaman Turanci nawa ne ƙwararru a makarantun gwamnati na jihar, kuma ɗalibai nawa kowannensu yake duba wa insha'i a mako? Malamin da ke da yara ɗari a aji ba zai iya ja wa kowa layi a ƙarƙashin kuskurensa ba, don haka da yawa sai a zauren jarrabawa suke fara rubuta cikakkiyar wasiƙa ta kalma 450.