Ƙwaron Yini-Ɗaya da Ƙugiyar Gashin Tsuntsu

A ƙoramun da ke gangarowa daga duwatsun Turai da Amurka akwai wani irin su wanda ba a sa tana ko gara a ƙugiya. Masunci yakan ɗaura zare da gashin tsuntsu a jikin ƙugiyar har ta yi kama da ƙwaro, sa'an nan ya wurga ta bisa ruwa. Dabarar tsohuwa ce, domin wajen shekara ta 200 Miladiyya wani marubucin Rum mai suna Aelian ya bayyana yadda mutanen Makidoniya ke naɗa jan ulu da gashin zakara biyu a ƙugiya. Kifin da aka fi nema shi ne tirawut, wanda ba ya rayuwa sai a ruwa mai sanyi mai yalwar iskar oksijin.

Ƙwaron da aka fi kwaikwaya shi ne wanda masana ke kiran danginsa Ephemeroptera, watau "mai fiffike mai gajeren kwana" da Girkanci. Akwai irinsa fiye da 3,000 a duniya. Sunan yana da ɗan ruɗi, gama yawancin rayuwarsa a ƙarƙashin ruwa yake yin ta, watanni ko ma shekara biyu, yana kankarar gansakuka a jikin duwatsu, yana numfashi ta wasu 'yan filaye da ke gefen cikinsa. Idan ya ƙosa sai ya taso saman ruwa, bayansa ya tsage, ya fito da fukafukai masu duhu-duhu. Ya kan ɗan dakata a nan kafin ya tashi, kuma wannan dakatawar ce kifi ke jira. Bayan ya sauka a ganye sai ya sake yin saɓa, ya fito da fukafukai garau. Duk cikin ƙwari babu wani mai yin saɓa bayan ya sami fiffiken tashi sai shi. Daga nan ba ya cin abinci, don bakinsa ba ya aiki. Barbara da ƙwai kawai suka rage masa, cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki.

Saboda haka mai ɗaurin ƙugiya tilas ya san wane mataki kifi ke ci a ranar. A ƙoramun duwatsu ƙananan iri, kamar Baetis, su ne suka fi yawa, kuma tsawon jikinsu ba ya cika wuce santimita ɗaya ba. Akan kwaikwaye su da ƙugiya mai lamba 16 zuwa 22. Gwargwadon girman lamba, gwargwadon ƙanƙantar ƙugiya. Akan matse ta a mariƙi, a naɗa siririn zare daga ido zuwa lanƙwasa, a ɗaura silin gashi kaɗan a matsayin wutsiya, a raba su biyu don su hana ta kifewa. Sai a murza ɗan gashin zomo a zaren, a yi jiki siriri mai tsukewa ta baya. Kuskuren masu koyo a nan shi ne cika kaya, har ƙwaron ya zama kamar buzuzu.

Abin da ya fi jan hankalin ɗalibin kimiyya shi ne gashin wuyan zakara da ake naɗawa kusa da idon ƙugiya. Silinsa kan miƙe kamar ƙafafu, su dafa saman ruwa ba tare da sun huda shi ba, domin ƙwayoyin ruwa suna riƙe da juna a saman kamar fata. Wannan ƙarfi ne ke ɗauke da ƙarfen. Frederic Halford na Ingila ya tsara irin waɗannan ƙugiyoyi a littafinsa na 1886, amma don koguna masu tafiya a natse. Da ya aika wa Theodore Gordon samfurinsu a 1890, sai shi Gordon ya sake musu fasali da gashi mai tauri, don su jure wa ruwan duwatsun Catskill na jihar New York. A ruwa mai gudu kifi ba ya da lokacin dogon dubawa, don haka girma da siffa sun fi launi muhimmanci, ko da yake masunta ba su daina gardama a kan wannan ba. Shi kuwa Frank Sawyer, mai kula da kogin Avon a Ingila, ya bar zare gaba ɗaya: da siririyar wayar tagulla da gashin wutsiyar tsuntsun fezan ya ƙera mai nutsewa, wadda ke kwaikwayon ƙwaron tun yana cikin ruwa.

Duk wannan gwaninta ba ta da amfani in ƙwaron ya ɓace, kuma shi ne ke fara ɓacewa idan ruwa ya gurɓace. A 1953 ƙarancin oksijin ya hallaka irin da ake kira Hexagenia a yammacin tafkin Erie na Amurka, bai kuma dawo da yawa ba sai cikin shekarun 1990, bayan an rage ƙazantar da ake zubawa. Don haka masana ke ƙidaya shi idan za su auna lafiyar kogi. Malami zai iya nuna wa ɗalibai wannan a rafi mai tsabta: a ɗaga dutse, a duba ƙarƙashinsa, a nemi ɗan ƙwaro mai wutsiya uku ko biyu. A tafkin Kainji ma akwai ɗan'uwansa, Povilla adusta, wanda ke huda itatuwan da ruwa ya shanye yana zama a ciki.