Makulli Mai Magana: Bayani a Kan Tsaron Mota da Satarta

Kalmar makulli ba ta da wuyar fiɗa. An ɗauki aikatau kulle, aka ɗora masa ma- a gaba da -i a baya, kamar dai yadda a ke ƙirar sunayen kayan aiki irin su magirbi da masassabi da mabuɗi. Duk Bahaushen da ya ji ta, abin da ke faɗo masa a rai shi ne ɗan guntun ƙarfe mai haƙora, wanda a ke zura wa kwaɗo ko kuba a murɗa. To, abin da mai sabuwar mota ke riƙewa yau har yanzu makulli mu ke ce masa, amma ba shi da haƙori ko ɗaya, ba a kuma murɗa shi. Aikinsa magana ce. Mota ta yi tambaya, shi kuwa ya ba da amsa. Saboda haka ne na ga al'amarin ya shafi masu nazarin harshe, gama inda tsaro ya zama magana, sata ma sai ta koma ta hanyar magana.

A dā, ɓarawon mota ba ya bukatar kome sai ƙarfin hannu da ɗan sanin waya. Ya fasa gilashi, ya karya makullin sitiyari, ya haɗa waya biyu, inji ya tashi. Maganin da aka yi wa wannan shi ne wata na'ura da ni ke ganin babu sunan da ya dace da ita kamar dabaibayi, domin ba ta hana a shiga mota, tafiya kaɗai ta ke hanawa. An binne wani ɗan ƙwayar lantarki cikin kan makulli. Sa'ad da aka zo tayarwa, sai mota ta aika masa da wata lamba, shi kuma ya sarrafa ta da wani sirri da ke tsakaninsu su biyu, ya mayar. In amsa ta yi daidai inji ya sami mai da wuta, in ba ta yi ba, ko an kwana ana haɗa waya ba ya motsi. Jamus da Ingila suka wajabta dabaibayi ga sababbin motoci a 1998, Ostareliya a 2001, Kanada a 2007. Wasu masana tattalin arziki biyu, Jan van Ours da Ben Vollaard, sun ƙiyasta a 2016 cewa ya rage satar mota da wajen kashi 40 cikin ɗari a inda suka yi bincike a Turai.

Amurka ita ba ta wajabta ba, ta kuwa ɗanɗana. Miliyoyin motocin Hyundai da Kia da aka sayar can tsakanin 2011 da 2021 ba su da shi. Yara a birnin Milwaukee suka gano ana iya ɓalle makunnin a murɗa shi da kan wayar cajin tarho, suka yi ta nuna wa juna a TikTok, har sai da kamfanonin suka fito da gyara a 2023.

Daga nan masu ƙira suka nemi su hutar da mai mota ko da fid da makulli daga aljihu. Yana taɓa marikin ƙofa sai mota ta yi kira a kan taguwar rediyo mai rauni ƙwarai, wadda ba ta wuce taki biyu ko uku. In makulli ya ji ya amsa, ƙofa ta buɗe. A nan ne aibin ya ke, kuma aibi ne na ma'ana. Malamai sun san Hausa na rarrabe wuri huɗu da karin sauti: nan mai faɗuwa, inda mai magana ya ke, nan mai hawa, inda mai sauraro ya ke, can mai faɗuwa, inda ido ke kai wa, da can mai hawa, nesa ƙwarai. Mota ba ta san wannan bambanci ba. Abin da ta ɗauka shi ne, duk wanda ya ji raɗata, lalle yana nan kusa da ni. Ta tabbatar da wanda ke magana, ba ta tabbatar da inda ya ke ba.

Ɓarayi sai suka shigo da sanƙira tsakani. Mutum biyu su kan zo da dare, ɗaya ya tsaya jikin mota da akwatinsa, ɗaya ya je bakin ƙofar gida, inda mutane suka saba rataye makulli. Akwatin farko ya ɗauki raɗar mota ya miƙa wa na biyu, na biyu ya maimaita ta ta cikin bango. Makulli ya ji muryar motarsa, ya amsa da gaskiyarsa. A lura, ba su karya sirrin ba, ba su ma san abin da aka faɗa ba, ɗaukar magana kawai suka yi daga can suka kai ta nan. Masu bincike uku a jami'ar ETH ta birnin Zurik sun gwada wannan a kan motoci 10 na kamfanoni 8, suka buga sakamako tun 2011. A 2017 'yan sandan West Midlands a Ingila suka nuna hoton bidiyo na wata Marsandi da aka ɗauke haka a garin Solihull cikin kamar minti ɗaya. Maganin da ya fi kama hankali shi ne a koya wa mota auna lokaci. Taguwar rediyo na cin kilomita 300,000 a daƙiƙa, saboda haka in amsa ta yi jinkiri ko da na ƙiftawar da ido ba ya iya gani, mota ta san makulli yana nesa. Wasu kamfanoni kuma suka sa makulli ya yi barci in an ajiye shi bai motsa ba.

Akwai wata hanyar da ta fi wannan ban mamaki. A cikin mota akwai ƙananan kwamfutoci da yawa, na inji, na birki, na fitila, na ƙofa, duka suna zance a kan waya ɗaya bisa wani tsari mai suna CAN, wanda kamfanin Bosch ya fito da shi a 1986. A tsarin nan, saƙo na ɗauke da alamar abin da ya ƙunsa, amma ba ya ɗauke da shaidar wanda ya aiko shi. Misalinsa kamar gida ne da dare, duk muryar da aka ji daga tsakar gida a ɗauka ta ɗan gida ce. A 2023 wani injiniya, Ken Tindell, ya bayyana yadda aka sace wata Toyota RAV4 a Landan: an ɓalle bamba, aka kai ga wayar fitilar gaba, aka jona wata 'yar na'ura da aka ɓoye cikin kwankon lasifika, ita kuwa ta yi ta faɗa wa inji cewa an ga makulli, an yarda da shi.

Inda duk waɗannan dabaru suka taru suka zama annoba shi ne Kanada. A 2022 an sace motoci fiye da 105,000 a ƙasar, kuma abin da kamfanonin inshora suka biya saboda sata a 2023 ya haura dalar Kanada biliyan 1.5. Ga shi kuwa ƙasa ce da ta wajabta dabaibayi tun 2007. Amma abin da ya fi ƙona wa mutane rai ba satar ba ce. Masu motoci da yawa sun ɓoye na'urar bin sawu, irin su AirTag, cikin kujera ko but. A farkon 2024 gidan rediyo da talabijin na CBC ya ba da labarin wani mutumin Toronto da ya bi sawun motarsa a tarhonsa har filin kayan reluwe kusa da gari. Ɗan sanda ya zo, ya ce ba shi da ikon buɗe kwantena, filin na ƙarƙashin 'yan sandan kamfanin jirgin ƙasa ne. Mutumin yana kallo mota ta tafi tashar jiragen ruwa ta Montiriyal, daga ƙarshe ta bayyana a Dubai. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

A wannan lokaci ne kuma wani ɗan sandan Toronto ya shawarci mutane, a wani taron unguwa, su riƙa barin makulli kusa da ƙofar gida, domin ɓarayi sun fara fasa gidaje da bindiga suna nemansa. Jama'a suka yi ca a kansa, suka ce hukuma ta sallama. A ganina maganarsa ba wauta ba ce, gama rai ya fi mota, sai dai ta tona wani abu da masu ƙira ba su cika son faɗa ba: in aka ƙarfafa mota har ba ta satuwa sai da makulli, to, ɓarawo wurin mai makulli zai nufa.

Kada kuma mu ɗora wa ɗan sandan kan titi laifin da ba nasa kaɗai ba. Iko a rarrabe ya ke. 'Yan sandan birni iyakarsu birni, filin reluwe da nasa, abin da ke cikin kwantena a tasha kuwa na ma'aikatan kwastan ne, waɗanda hankalinsu ya fi karkata ga kayan da ke shigowa, ba masu fita ba. Ɓarawo kuwa ba ya jiran takardar izini daga alƙali kafin ya ƙetare iyaka. Da aka haɗa hannu an ga bambanci. Gwamnatin tarayya ta kira babban taro a Otawa ran 8 ga Fabrairu 2024. Daga Disamba 2023 zuwa Maris 2024, 'yan sandan lardin Ontariyo da ma'aikatan kan iyaka suka buɗe kwantenoni 390 a Montiriyal suka fid da motoci 598. Bayan da aka haɗa rajistar motocin sata ta Kanada da ta Interpol a Fabrairun 2024, cikin 'yan watanni aka gano fiye da 1,500 a ƙasashe dabam dabam. A shekarar 2024 sata ta ragu sosai, alhali makullan da ke aljihun mutane su ne dai na bara.

Wannan labari bai tsaya can ba, domin Afirka ta Yamma na cikin inda kayan ke sauka. 'Yan jaridar CBC sun tarar da motocin da aka sace a Kanada ana sayar da su a Ikko da Akra, wasu ma ba a ko cire musu takardun masu su na asali ba. Mai sayen tokumbo a ƙasarmu yana iya biyan kuɗinsa cif, da zuciya ɗaya, a wayi gari a kama motar a hannunsa. Abin da zai iya dubawa shi ne lambar shasi, mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba da jikin ƙofar direba. Ya ga ko ta wuri ɗaya ta yi daidai da ta sauran da ta takardun kwastan, sa'an nan ya nemi a binciki rajistar ƙasar da motar ta fito, gama ɓarayi sun iya manna lambar wata mota mai tsabta a kan ta sata.