Dokokin intanet a Nijar: wa ke sauraren wayarka, wa ya ba shi izini?

Cikin shekaru 5 kacal, daga 2019 zuwa 2024, sau 3 hukumomin ƙasarmu suna taɓa hukuncin da ke jiran mutumin da aka ce ya ɓata sunan wani ta intanet: aka sa ɗaurin kaso, aka cire shi, aka kuma maido shi da ƙari. A tsakanin haka ne aka kafa wata doka da ta ba shugaban ƙasa ikon sa a saurari wayar ɗan ƙasa ba tare da an bi ta gaban alƙali ba. Ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati, waɗanda yanzu rabin harkarsu cikin waya take, ya kamata su san abin da waɗannan takardu suka ƙunsa.

Daga kunnen bango zuwa kunnen waya

Dattawan da suka yi aikin gwamnati zamanin Janar Seyni Kountché ba su manta da ofishin nan da ake kira Coordination ba. A wancan lokaci mutum kan waiga dama da hagu kafin ya yi maganar siyasa, ko da a zauren gidansa ne, domin an ce bango yana da kunne. Fitowar jaridar Haské a 1990, sa'an nan babban taron ƙasa da aka buɗe ranar 29 ga Yuli 1991, su ne suka kwance bakin jama'a. Tun daga nan ƴan Nijar suka ɗauki faɗin albarkacin baki kamar gadon da suka sha wahala kafin su samu.

Wannan gado ya shiga takarda. Aya ta 29 ta kundin tsarin mulki na 2010 ta ce sirrin wasiƙa da na sadarwa abu ne da ba a keta shi, sai bisa sharuɗɗan da doka ta tanada. A watan Yuni na wannan shekara, gwamnatin riƙon ƙwarya ta Salou Djibo ta soke ɗaurin kaso kan laifuffukan aikin jarida. A watan Nuwamba 2011 kuma shugaba Issoufou Mahamadou ya zama shugaban ƙasa na farko a kan mulki da ya sa hannu kan sanarwar Table Mountain, wadda ke kira ga ƙasashen Afirka su daina ɗaure mutane saboda ɓata suna ko zagi. Ƙofar kaso ta rufe ga mai alƙalami ke nan. Sai dai bayan shekaru 8 an sake buɗe ta daga baya, ta hanyar wayar salula.

Dokar 2019 da waɗanda ta fara kamawa

Doka mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yuli 2019 an kawo ta ne domin yaƙi da laifuffukan da ake aikatawa ta kwamfuta da intanet. Yawancin ayoyinta ba wanda ke jayayya da su: kutse cikin na'urar wani, damfara, yaɗa hotunan batsa na yara. Duk ɗan kasuwar da aka taɓa kira da dare aka ce masa ya ci wata kyauta, ya aiko da kuɗin takarda, ya san ana bukatar doka kan waɗannan mazambata.

Matsalar tana cikin ayoyi 3. Aya ta 29 ta yi magana kan ɓata suna, ta 30 kan zagi, ta 31 kuma kan yaɗa bayanan da ka iya dagula zaman lafiyar jama'a ko taɓa mutuncin ɗan Adam. Kan ɓata suna da kuma yaɗa irin waɗannan bayanai, hukuncin shi ne kaso na wata 6 zuwa shekara 3, da tarar miliyan 1 zuwa miliyan 5 na sefa. Wato maganar da in an buga ta a jarida tara kawai za a ci mutum, in ya sa ta a Facebook tana iya kai shi gidan kaso. Dokar kuma ba ta fayyace iyakar abin da ake nufi da dagula zaman lafiya ba, ta bar wa mai shigar da ƙara na gwamnati da alƙali su auna.

Ba a jima ba aka ga yadda ake aunawar. Ranar 5 ga Maris 2020 aka kama ɗan jarida Kaka Touda saboda ya rubuta cewa akwai wanda ake zargin yana ɗauke da cutar korona a wani asibitin Yamai. Ya yi mako 3 a tsare kafin a yi masa ɗaurin je-ka-gyara-halinka na wata 3. Yana cikin kaso ne gwamnati ta ba da sanarwar mutum na farko da ya kamu da cutar a ƙasar, ranar 19 ga Maris.

Ranar 10 ga Yuni 2020 aka tsare Samira Sabou, bayan ƙarar da ɗan shugaban ƙasa na lokacin ya shigar kan wani rubutu da ta yi game da binciken kuɗin sayen makamai a ma'aikatar tsaro, binciken da aka ambaci miliyar 76 na sefa a cikinsa. Ta yi kwana 48 a gidan kason Yamai, sa'an nan kotu ta ce babu laifi, ta sallame ta. A watan Janairu 2022 kuma ita da Moussa Aksar na jaridar L'Événement suka sha ɗaurin je-ka-gyara-halinka, ita wata 1, shi wata 2, saboda sun yaɗa rahoton wata ƙungiyar ƙetare kan fataucin miyagun ƙwayoyi. Mai karatu ya lura da wannan: ba su ne suka rubuta rahoton ba, turawa suka yi. A gaban wannan doka, mai tura magana da mai ƙirƙirar ta jirgi ɗaya ya kwaso su.

Dokar saurare ta 2020

Ranar 29 ga Mayu 2020 majalisar dokoki ta amince da dokar da ta halatta kama wasu saƙonnin da ake aikawa ta hanyoyin sadarwa na zamani. Depite-depiten adawa sun ƙaurace wa ƙuri'ar, suna cewa za a mai da kowane ɗan ƙasa abin zargi. Gwamnati ita kuwa ta kafa hujja da tsaro, kuma hujjar tana da nauyi: a watan Disamba 2019 an kashe sojoji 71 a Inatès, a watan Janairu 2020 aka kashe 89 a Chinégodar. Ba ƙasar da za ta ga irin wannan ta ce ba ta son jin abin da maharan ke ƙullawa ta waya.

Abin dubawa shi ne wanda ke riƙe da mabuɗi. A ƙarƙashin dokar, firaminista da wasu ministoci ne ke neman izinin saurare, shugaban ƙasa ne ke ba da shi, kamfanonin waya kuma dole su ba da haɗin kai. Alƙali ba ya cikin wannan layi kafin a fara. An tanadi wata hukumar sa ido, amma masu kare haƙƙin ɗan Adam sun nuna cewa ɓangaren zartarwa ne ke da rinjaye wajen naɗa mambobinta. Mai nema, mai ba da izini da mai duba aikin duk ƴan gida ɗaya ne. Dalilan da aka jera na yin sauraren kuma sun wuce ta'addanci, sun haɗa da tsaron ƙasa da haɗin kanta, kalmomi masu faɗi waɗanda kowace gwamnati ke fassarawa yadda ya yi mata. Wanda ake saurare ba ya sani, saboda haka ba shi da ta cewa balle ya kai kuka.

Me ake iya ji, me ba a iya ji?

Kira na yau da kullum da saƙon SMS suna bi ta na'urorin kamfanin waya, ko Airtel ne, ko Moov, ko Zamani, ko Niger Telecoms. Kowane layi an yi masa rajista da katin shaidar mai shi. Kamfani yana da lissafin wanda ka kira, da ƙarfe nawa, da minti nawa kuka yi, da kuma eriyar da wayarka ta kama, wato unguwar da kake tsaye. Ko ba a ji muryarka ba, wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna abokan cinikinka, da ranar da ka je Ƙonni ko Ɗan Isa, da wanda kuka yi magana da shi kafin a buɗe takardun neman kwangila.

WhatsApp dabam yake. Tun 2016 saƙonninsa suna tafiya a kulle daga waya zuwa waya, kamfanin da ke tsakani ba ya iya karanta su. Amma wannan kulle a kan hanya kawai yake aiki. Saƙon murya da aka jefa cikin rukuni mai mutum 200 ya fita daga hannun mai shi, domin mutum ɗaya ya isa ya ɗauki hotonsa ko ya tura shi gaba. Wayar da aka karɓe a komisariya, in an buɗe ta, duk abin da ke ciki ya bayyana. Akwai kuma manhajojin leƙen asiri da ke shiga cikin wayar kanta, irin Pegasus na kamfanin NSO na Isra'ila, wanda masu bincike suka nuna a 2020 cewa an auna malaman coci da ƴan adawa da shi a Togo. Shari'o'in da muka ambata a sama kuwa duk kan abin da aka rubuta a fili ne, ba a bukaci wata na'ura ba.

In kuma hukuma ta ga maganar ta yi yawa, tana da wata hanya. Bayan zagaye na 2 na zaɓen shugaban ƙasa, an yanke intanet na wayar salula daga 24 ga Fabrairu zuwa 5 ga Maris 2021. Kwana 10 ke nan ɗan canjin Maraɗi yana neman farashin naira da ƙyar, mai odar kaya daga Kwatano ko Dubai ba ya iya ganin hoton hajarsa. Masu zanga-zanga aka nufa, amma kasuwa ta biya nata kason.

An cire a 2022, an maido a 2024

A watan Yuni 2022, zamanin shugaba Mohamed Bazoum, majalisa ta gyara dokar 2019, ta cire ɗaurin kaso kan ɓata suna da zagi, ta bar tara. Ƙungiyoyin ƴan jarida sun yaba. Dokar saurare kuwa ba a taɓa ta ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka dakatar da kundin tsarin mulki na 2010, har da ayarsa ta 29, aka kuma rusa majalisar da ke iya kiran minista ta tambaye shi.

Ranar 7 ga Yuni 2024 Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu kan odonans mai lamba 2024-28. Ɓata suna ko zagi ta intanet ya koma kaso na shekara 1 zuwa 3, da tarar miliyan 1 zuwa 5. Yaɗa bayanan da ka iya dagula zaman lafiya ko taɓa mutunci ya hau zuwa shekara 2 zuwa 5, da tarar miliyan 2 zuwa 5. Ma'aikatar shari'a ta bayyana cewa tun bayan sassaucin 2022 zage-zage da ƙazafi sun yawaita a shafukan sada zumunta, don haka ake son daidaita ƴancin magana da kare mutuncin mutane. Duk wanda ya taɓa jin irin saƙonnin muryar da ke zagin ƙabila ko ƙaga wa matar aure sharri ya san akwai gaskiya cikin wannan kuka.

Amma akwai jimla guda a cikin sabon rubutun da ta fi kowace nauyi: laifin yaɗa bayanan yana tabbata ko da abin da aka faɗa gaskiya ne. A shari'ar ɓata suna, kamar yadda aka saba, wanda ake ƙara yana iya kare kansa ta hanyar kawo shaida. A nan shaida ba ta fid da shi. Malamin lekol da ya rubuta cewa albashi ya makara, ma'aikaciyar asibiti da ta ce magani ya ƙare, direban da ya sanar da ƴan'uwansa cewa an tare hanya a wuri kaza, dukansu ba ƙarya suka yi ba, kuma dukansu makomarsu ta rataya ga yadda wani jami'i ya fassara zaman lafiya a ranar.

Wanda ya wasa wuƙa

Masu rinjayen da suka kaɗa ƙuri'ar dokokin 2019 da 2020 sun yi haka ne suna kan kujera, suna ganin kunnen da aka kafa nasu ne. Shekara 3 bayan ƙuri'ar saurare kujerar ta kuɓuce musu, wasunsu suka shiga hannu, wasu suka tsallaka ƙetare, dokokin kuwa suka zauna daram a hannun waɗanda suka gaje su. Duniya rawar ƴan mata ce, na gaba ya koma baya. Darasin ya shafi duk mai mulki, na jiya da na gobe.

Gyaran da ake bukata ba mai yawa ba ne, kuma bai hana yaƙi da ta'addanci ba. A sa alƙali mai zaman kansa ya duba kowace buƙatar saurare kafin a fara. A rubuta dalla-dalla abin da ake kira dagula zaman lafiya, yadda mai sayar da albasa a Galmi zai gane iyakarsa kafin ya danna waya. A bar gaskiya ta zama garkuwa ga mai faɗin ta. Hukumar kare bayanan mutane ta HAPDP, wadda dokar 2017 ta kafa, ita ma a ba ta ƙarfin tambayar ofisoshin gwamnati, kamar yadda take tambayar kamfanoni.

Kafin a kai can, mai karatu ya riƙe abin da dokar ta ce a rubuce: turawa daidai take da rubutawa, rukunin WhatsApp dandali ne, tara kuma tana farawa daga miliyan 1. Magabata sun ce magana zarar bunu ce. Sai dai ƙasar da kowa ya kame bakinsa don tsoro, hukuma ce ke zama ta ƙarshen jin labari ranar da rufin ya fara yoyo.