Wa Ke Shanye Yunit a Gidanka?

Magana ɗaya ta ishe ni a majalisu da cikin adaidaita-sahu da zaurukan WhatsApp, wai mita mai kati ɓarauniya ce. Wani ya ce masu wuta sun saita ta tana gudu fiye da ƙima, wani ya ce ko ka kashe komai sai ta sha, wani kuma ya rantse da kunnensa ya ji daga bakin ma'aikaci cewa daga ofis ake murɗa ta. Da a nan zancen ya tsaya da sauƙi. Abin takaicin shi ne inda yake kai mutane: a kira yaro mai filaya da daddare ya yi abin da ake kira baifas, wato ya zagaye mita da waya, maigida kuma ya kwanta yana ganin ya rama zalunci. Dattawa masu furfura, masu sahun gaba a masallaci, suna cikin masu wannan aiki, har suna ba juna lambar yaron da ya iya.

Bari mu fara da abin da ake saya. Yunit ɗaya shi ne wutar da abu mai ƙarfin wat 1,000 zai ja a cikin awa ɗaya. Kowane kayan wuta an rubuta wat ɗinsa a jikinsa ko a kwalinsa, lamba ce da harafin W a gefenta. Ka ninka wat da yawan awannin da abin ya yi yana aiki, ka raba da 1,000, ka sami yunit. Iyakar lissafin ke nan, ɗan aji shida na firamare zai iya yi maka shi.

To me ya sa katin naira 5,000 da a da yake kai mutum makonni yanzu ba ya rufa kwana huɗu? Abu na farko da masu jita-jita ba sa so a ambata shi ne farashi. Tun 2020 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta kasa masu amfani da wuta rukuni biyar, daga A zuwa E, gwargwadon awannin da aka yi alkawarin ba su a rana: A awa 20, B 16, C 12, D 8, E kuma 4. A farkon Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin yunit na rukunin A daga kusan naira 68 zuwa naira 225, daga baya aka ɗan sassauta ya dawo ɗari biyu da 'yan kai. A kan wannan kuma ana ɗora harajin kashi 7.5 cikin ɗari. Ma'ana, naira 5,000 da ke sayen yunit sittin da wani abu ta koma tana sayen ashirin da 'yan kai. Mitar tana nan yadda take, mudun bai ƙanƙance ba, hatsin ne ya yi tsada. Wanda aka mayar da layinsu rukunin A bai sani ba, shi ne zai fi kowa rantsuwa cewa an yi wa mitarsa asiri. Ga kuma tsohon bashi: wanda aka sa wa mita alhali ana bin gidan kuɗin bil na baya, kamfani yakan yanki wani kaso duk lokacin da ya sayi kati. Wannan duk a rubuce yake a jikin rasit, amma mutum nawa ne ke karanta wani abu bayan lambobi ashirin ɗin da zai danna?

Abu na biyu shi ne sabo. Shekara da shekaru, tun zamanin hukumar wuta ta NEPA da aka kafa a 1972, zuwa magajiyarta PHCN, zuwa 2013 da aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni goma sha ɗaya irin su KEDCO mai kula da Kano da Jigawa da Katsina, da kamfanin Kaduna mai kula da Kaduna da Sakkwato da Kebbi da Zamfara, yawancin gidajenmu bil ɗin ƙiyasi suka sani. Ka kunna ƙwai ɗaya ko ka kunna ɗari, abin da aka ga dama shi za a rubuto maka. Wannan tsari ya cuci mutane da yawa, musamman talaka mai ɗaki ɗaya, amma ya koya mana wata muguwar ɗabi'a. Mun tashi ba mu san makunni yana da ɓangaren kashewa ba. Ƙwan ƙofar gida yana ci har azahar, fanka na juyawa a falon da ba kowa, talabijin na yi wa kujeru labarai. Da mita ta zo ta fara ƙirga gaskiyar abin da muke yi, sai muka ce ita ce mai laifi. Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani.

Mu yi lissafin gida madaidaici mu gani. Fanka uku ta sama, kowace wat 75, awa goma a rana, yunit biyu da kwata ke nan. Talabijin da dikoda, mu ce wat 100 na awa shida, ya ɗan haura rabin yunit. Firij mai lafiya yakan sha yunit ɗaya zuwa biyu a yini da kwana. Ƙwayaye takwas irin na zamani masu wat 9, awa shida, ba su kai rabin yunit ba. Ka haɗa da guga da cajin wayoyi, gidan yana shan yunit biyar zuwa shida a rana, wato 150 zuwa 180 a wata idan wutar ta samu. Yanzu ka cire ƙwayayen nan ka mayar da tsofaffi masu jan haske da zafi, masu wat 60. Su kaɗai sun kusa yunit uku a rana. Bambancin ya haura yunit 70 a wata, wanda a farashin rukunin A ya fi naira 15,000. Mutum ya ƙi sayen ƙwai mai ɗan tsada don tsimi, sai ya riƙa biyan kuɗinsa ninki-ba-ninki kowane wata, arha ta zama ba ta ado.

Abin dariya shi ne inda fushin maigida ke sauka. Sai ka ji yana ta faɗa da yara a kan cajin waya, har a hana baƙo jona tasa. Cajar waya ta yau da kullum wat goma ce ko kusa da haka, awa biyu ta cika waya, sai ka yi caji kusan hamsin kafin yunit ɗaya ya tafi. A daidai lokacin da yake wannan faɗa, hita mai wat 1,500 tana cikin bokiti a banɗaki, kuma ita minti 40 ya ishe ta cinye yunit guda. Gidan mutum goma a cikin hunturu, kowa ya ɗumama bokitinsa na minti ashirin, yunit biyar sun tafi kafin yara su fita makaranta. Uwargida ta ga gas ya yi tsada ta ɗora wake a kan rishon lantarki awa biyu, wasu ukun sun bi. Da bazara ta kama, na'urar sanyaya ɗaki mai jan wat 1,200 idan ta kwana tana aiki tana iya shan kusan yunit goma, wato ita kaɗai ta fi duk sauran kayan gidan. Ƙa'idar mai sauƙi ce: duk abin da aikinsa zafafawa ne ko sanyayawa, shi ne mai cin kuɗi. Dutsen guga, butar lantarki, hita, risho, firiza da na'urar sanyi. Sai injin tura ruwa sama da ke biye musu.

Akwai masu sha a ɓoye ma. Firizar da aka sayo ta hannu, wadda ta gama rayuwarta a Turai kafin ta iso nan, robar ƙofarta ta saki, injinta ba ya hutawa dare da rana. Idan kuma ana sana'ar ƙanƙara ko zoɓo da kunun aya da ita, to wutar kasuwanci ake sha, sai a sa kuɗinta cikin farashin kaya. Mai inbata shi ma ya sani, duk wutar da ya more a lokacin da aka ɗauke, daga mitarsa batir ya ɗebo ta da aka kawo, har da ƙarin abin da ya salwanta wurin caji. Sai tsohon wayarin da ya kwailaye a cikin bango ko ya taɓa ƙasa mai damshi yana zubar da wuta, sai kuma maƙwabci ko mai shagon jikin gida da ya saƙalo waya ba da saninka ba.

Ba na cewa mita ba ta lalacewa. Na'ura ce, hannun ɗan Adam ne ya ƙera ta. Amma akwai hanyar ganewa da ta fi rantsuwa a majalisa. A fuskar mita akwai ɗan jan haske da ke ƙyaftawa gwargwadon wutar da ake ja. Ka kashe komai, ka zare kowane filogi daga soket, har firij, sannan ka tsaya ka kalle shi. Idan ya daina ƙyaftawa, mitarka ba ta sha da kanta. Idan ya ci gaba, ka sauke babban makunnin gidan. In ya tsaya a nan, matsalar tana cikin wayarin ɗinka ko wani ya jona, mai gyaran wuta za ka nema. In kuwa bai tsaya ba ko bayan haka, ka sami hujjar kai ƙara. Gwaji na biyu: ka rubuta yunit ɗin da ya rage, ka kunna abu guda kaɗai da ka san wat ɗinsa, kamar hita mai wat 1,000, na rabin awa, ka sake dubawa. Abin da zai ragu bai kamata ya yi nisa da rabin yunit ba. Idan lissafi ya ƙi, ka rubuta ƙorafi zuwa ofishin kamfaninku ka riƙe kwafi. In ba su saurare ka ba, akwai ofisoshin sauraron koke na NERC a jihohi, akwai kuma hukumar NEMSA wadda aikinta ne gwada ingancin mitoci. Haka nan idan an sa ku a rukunin A amma ba kwa ganin awa 20, wannan haƙƙinku ne, ku haɗu 'yan layi ku rubuta lokutan kawowa da ɗaukewa ku kai. Takardar mutum talatin ta fi zagin mutum dubu tasiri.

Shi kuwa baifas, a kira shi da sunansa, sata ce. Kada wani ya ce ai kamfani ya sata. Inda ake raba bil ɗin ƙiyasi, nauyin abin da ɓarawo ya sha yakan koma kan maƙwabtansa marasa mita, cikinsu har da gwauruwa mai marayu da ke da ƙwai biyu da fanka ɗaya. Kuma wanda ya zagaye mita ba ya tausayin wuta, komai nasa a kunne yake, shi ya sa taransfomar unguwa ke ɗaukar lodin da ya fi ƙarfinta ta buga, a kwashe watanni cikin duhu, a dawo ana bin gida-gida ana karo-karo. Waɗannan wayoyi da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda su ne ke zafi su tayar da gobara da tsakar dare. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta tanadi tara da ɗauri ga mai satar wuta, kuma a farkon 2025 NERC ta sa tarar naira 100,000 ga mai ƙaramar mita ta gida da aka kama karo na farko, ban da biyan kuɗin wutar da ya sha. Wace riba ce a nan? Da wace fuska za ka hana ɗanka ɗaukar abin mutane, alhali a gabansa aka kafa tsani aka yi aikin?

Ga abin da ya fi wannan sauƙi da aminci. Ka sami ɗan littafi ka riƙa rubuta yunit ɗin da ya rage kowace safiya har mako biyu, da kanka za ka gane ranakun da ake ɓarna da abin da aka kunna a cikinsu. Ka canja duk tsofaffin ƙwayaye, ka fara da waɗanda suka fi daɗewa a kunne, na tsakar gida da na ƙofa. A tara guga a yi ta sau ɗaya ko biyu a mako, a bar ɗabi'ar kowa ya jona dutse saboda riga ɗaya. Ruwan wanka a dafa kaɗan ya yi zafi sosai a sirka, kada a bar hita tana tafasa bokiti ana hira a ɗaki. A butar shayi a zuba iya abin da za a sha. Firij a matsar da shi daga jikin bango da inda rana ke duka, kada a sa abinci da zafinsa, a kankare ƙanƙarar da ta taru, a hana yara buɗe shi kowane minti. Ka maƙala takarda a bakin ƙofarsa ka rufe, idan ta zare ba tare da turjiya ba robar ta mutu, a sauya ta. Mai na'urar sanyi ya rufe taga da ƙofa, ya sa labule mai kauri, ya wanke ragar tace ƙura musamman bayan hazo, ya ajiye ta a lamba 24 ko 25 ya haɗa da fanka, domin sa ta a 16 ba ya hanzarta sanyi, hana injin hutu kawai yake yi. Injin ruwa a sa masa abin da ke kashe shi idan tanki ya cika, mun gaji da ganin ruwa na kwarara a lungu. In za a sayi sabon kaya, a duba wat kafin a duba launi.

A gidan haya mai mita ɗaya, inda rigimar kati ke raba zumunci, a daina raba kuɗi daidai wa daida tsakanin mai firiza da hita da mai fitila ɗaya. Ko dai a raba bisa kayan da kowa ke da su, ko a sa wa kowane ɗaki 'yar ƙaramar mitar ƙirge. Masu sayar da wani ɗan akwati da ake jonawa a soket wai yana rage rabin bil, ku riƙe kuɗinku, ba abin da yake ragewa.

Na ƙarshe kuma mafi muhimmanci, da zarar an ɗauke wuta a zagaya a kashe hita da dutsen guga da risho, a zare su daga soket. Gidaje da shaguna da yawa sun ƙone saboda an manta da su a kunne, aka kawo wuta mutane na barci ko sun fita. Wannan aiki na maigida ne da uwargida, su koya wa yara da 'yan aiki, su kuma fara yi da kansu. Malamai da limamai su ma su taɓo batun satar wuta a wa'azi kamar yadda suke taɓo tauye mudu, domin haƙƙin maƙwabci ne ake ci. Allah Ya tsare mu da gobara, Ya ba mu ikon biyan abin da muka sha.